Tayoyin Tirelar Yayana

Shekarun baya, lokacin da aikin Hajji ke faɗowa daidai da kaka, yayana ya samu kujera ya tafi. Yana da gonar masara babba bayan Sheme, da tsohuwar tarakta, da tirelar da taraktar ke ja a kwaso buhuna zuwa sito cikin gari. Ni kuwa malamin lissafi ne a firamare nan Ƙanƙara. Ranar da muka raka shi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba abin da za ka yi illa ka riƙa leƙawa. Komi na shirya." Na ce to, har da ɗan ɗaga kai, kamar wanda aka bar wa gari.

Kwana tara da tafiyarshi sai ga direban taraktar bisa mashin ɗin haya, ya same ni bakin makaranta. Dattijo ne, ya girmi yayana nesa, kowa Baba yake ce mashi. Bayan mun gaisa ya ce taya ɗaya ta fashe jiya a bakin gona, sauran ukun kuma duk sun tsattsage, ba ya jin za su ƙara ɗaukar kaya. An riga an casa masarar, an ɗura a buhuna, suna nan jibge a fili. Ga shi ruwa bai gama ɗaukewa ba, kullum da la'asar sai gabas ta haɗe.

Na kira yayana. Sai a kira na biyar ya ɗauka, ga hayaniyar mutane, ga layin na yankewa. Na yi mashi bayani da ihu. Abin da kunnena ya iya kamawa kalma biyu ne: "Sabuwa... huɗu..." Sai layin ya mutu. Na sake kira har cajin wayata ya kusa ƙarewa, shiru.

Na dubi Baba na ce, "Ya ce a sayi sababbi guda huɗu." Baba ya ce to. Na tura shi ya koma wurin kayan, na ce wannan aikina ne. Kafin ya tafi na sa ya karanto mani lambar da ya sa aka kwafo daga jikin tsohuwar tayar, na rubuta a bayan littafin shirin darasi. A raina na ce, mutumin da ke koyar da lissafi ai lamba ba za ta ba shi wuya ba.

Shagon farko da na shiga, mai shagon ya dubi lambar ya mirgino mani taya uku. Duk lambarsu ɗaya da tawa. Ɗaya baƙa wuluk, tana sheƙi, zanenta zurfi. Ɗaya kuma mummuna, ƙura duk ta rufe ta, ga tsada. Ta uku 'yar Kwatano ce, an ɗan mora.

Na ce, "Tunda lambarsu ɗaya, mi ya raba su?"

Ya ce, "Fulai, Malam. Mai sheƙin takwas, mai ƙurar sha huɗu."

Na ce mi ne ne fulai? Ya ce ƙarfi. Na ce ƙarfin mi? Ya ce ƙarfin taya mana. Ya tambaye ni nawa tirelar ke ɗauka, na ce buhuna. Ya ce guda nawa, na ce da yawa. Ya kalle ni, ni ma na kalle shi.

Na fito na tsallaka wurin wani mai faci. Shi kuma ya ce kada in yarda da sabuwar taya ta yanzu, duk roba ce, tsohuwa 'yar Kwatano ta fi ta sau goma. Wani da ke zaune yana jiran a yi mashi faci ya sa baki ya ce ƙarya ne, 'yar Kwatano ta saba da sanyin ƙasarsu, da ta ji kwaltarmu sai ta tashi. Suka kama gardama, suka manta da ni.

Sai na kira abokina da ke aikin tuƙi a wata ma'aikata. Ya ce duk in bar wannan, in duba shekarar da aka yi tayar, tana nan a wani ɗan zagaye, lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na koma shagon na durƙusa ina lalube. Na samu zagaye har uku a jikin taya ɗaya. Wani zagayen ya ba ni mako na saba'in da biyu. Na san dai shekara ba ta da wannan makon, amma kunya ta hana in tambaya.

Azahar ta yi, kaina ya ɗau zafi, shafin littafina ya cika da lambobin da ban san ma'anar ko ɗaya ba. Na leƙa waje na ga gabas ta fara duhu. Sai na ce wa kaina: an ce sabuwa, an ce huɗu, lamba ta yi daidai. Na nuna mai sheƙin. Mai shagon ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. A rayuwata ban taɓa faɗin kalmar da ba ta kai zuciyata ba kamar wannan.

Aka ɗaure mani su bisa motar haya zuwa Sheme, daga nan amalanke ya kai mu gona. Baba ya zo ya zagaya su. Ya ɗaga ɗaya da hannu guda, ya danna gefenta da gwiwa, ta lotsa. Ya ce a hankali, "Malam, halan wannan ba ta ƙaramar mota ba ce?"

Na buɗe littafina na nuna mashi. Na ce, "Baba, lamba ɗaya ce. Duba nan, duba nan. Kuma haka mai kayan ya ce." Ya dubi littafin, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Ya ɗauko jak.

Aka ɗaura, aka ba su iska, 'yan dako suka fara lodi. Tun ana rabin kaya na ga abin da ban so gani ba. Cikin tayoyin ya fara bajewa a ƙasa kamar an zauna bisa ƙullin tuwo. Duk buhun da aka jefa sai su ƙara kwanciya. Na riƙa zagaya tirelar ina ce wa raina wataƙila haka sabuwar taya ke yi kafin ta saba.

Da aka gama, 'yan dakon su shida suka haye can ƙololuwar buhunan suka zauna, yadda suka saba, don a sauke su Sheme. Baba ya tada injin, amma bai sa giya ba. Ya sauko ya zo kusa da ni, yadda ba wanda zai ji, ya ce, "In ka ce in ja, zan ja. Amma akwai gangare wajen rafi. Ka dubi mutanen can."

Na ɗaga kai. Ɗaya na ɓare gyaɗa, ɗaya na waƙa. Akwai wanda ɗanshi ke ajina. Iska ta taso, ƙamshin ruwa ya iso. Wallahi har lokacin ban san ko tayoyin nan za su kai ko ba za su kai ba. Ban fahimci komi ba. Abin da kawai na sani, ba zan iya shiga aji in kalli yaron nan ba in wani abu ya faru.

Na ce su sauko, kuma a rage rabin kayan. Ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Ɗaya ya ce, "Mu loda, mu sauke, kuma mu taka da ƙafa? Wannan wane irin lissafi ne, Malam?" Na tuɓe riga na kama buhu tare da su, na kuwa sha dariya, don ko ɗagawa ban iya ba.

Baba ya ja rabin kaya, tafiyar da mai ƙafa ke wuce shi, muna biye a ƙasa. Daidai gangaren rafi muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar baya ta hagu ta tarwatse. Tirelar ta karkata, buhunan sama guda biyar suka zubo cikin duwatsu, daidai inda mutum zai faɗo da yana zaune. Mai ɓare gyaɗar nan ya zauna a ƙasa yana ta salati. Sai ga ruwa. Muka ruga muna jan tamfol bisa buhunan, rabi nan, rabi can gona.

Kafin magariba na isa gidan yayana jiƙe sharkaf, in faɗa wa matarshi abin da ya faru. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Wai ba ka je Sabuwa ba?"

Na ce in yi mi a Sabuwa?

Ta ce, "Tayoyin mana. Ai tun kafin ya tafi ya sayi huɗu, suna gidan ƙanena can Sabuwa, mota ce ba a samu ba ta kawo su."

Garin Sabuwa yake nufi. Na zauna bisa turmi na riƙe kai. Tana son yin dariya, tana jin tausayina, ta rasa wanda za ta fara.

Washegari da sassafe na kama hanyar Sabuwa. Na samu tayoyin jingine a zaure, munana, ƙura ta rufe su, irin wadda na raina a shago sak. Mutum biyu ke ɗaga ɗaya. Cikin kwana biyu Baba ya kwashe masarar duka. Buhu 'yan kaɗan ne suka sha ruwa, muka shanya su suka bushe. Tayoyina uku da suka tsira kuwa abokina ya sa wa a-kori-kurar gidansu, sun yi mashi shekaru.

Har yau in gaskiya za a bi, ban gama gane rubutun jikin taya ba. Amma in na tuna ranar, ba lambobin ke damuna ba. Na tambayi mai shago, da mai faci, da baƙon da ban sani ba, da abokina a waya. Mutumin da ya shekara ashirin yana jan tirelar nan kuwa, shi na tura ya je ya yi gadin buhu.

Da daɗewa bayan haka, ranar sunan jikar Baba, muna zaune bisa tabarma, na ce, "Baba, ka san tayoyin nan ba za su yi ba. Mi ya sa ka ɗaura su?"

Ya gama tauna goronshi, sannan ya ce, "Ai ba tambayata ka yi ba, Malam. Littafi ka nuna mani."