Kure a Bayan Katangar Filin Wasa

Duk tashar Jabi babu direba mara natsuwa irin Kure. Ni ne ɗan kamashon da ke cika masa mota, saboda haka na fi kowa shan fama da shi. Ran Lahadi da ya fito daga coci shi ke nan: ya zauna, ya miƙe, ya zaga mota, ya sake zama.

Dalili kuwa ɗansa Thaddeus, mai tsaron gida a ɗaya daga cikin ƙungiyoyi ashirin na babbar gasar ƙwallon ƙasar nan, wadda ake bugawa ran Lahadi. Muna musun ƙwallon Turai, shi yana mana karatun ta gida: kowa sai ya je gidan kowa, cin wasa a waje sai mai tsananin rabo, huɗun ƙarshe kuma su gangara ƙaramar gasa. Abin haushi, duk wannan ilmi bai taɓa ganin yaron a fili ba. Kullum sai ya ce hanya ta hana.

Bana gwiwa ta matsa wa Thaddeus, ya ce daga wasan ƙarshe ya ajiye ƙwallo. Ran wasan, Kure ya damƙi hannuna ya ce, "Nababa, tashi mu tafi. In ban gan shi yanzu ba, sai yaushe?"

Muka kama hanya ba fasinja, yana zuba gudu ina salati. Ya hana a kira yaron, wai ba-zata zai yi masa. Kai, mu aka yi wa ba-zatar! Muna isa muka tarar da ƙofa a garƙame. Ashe magoya baya sun jefi alƙali a wasan baya, ana gobe wasa aka yanke hukuncin a buga ba 'yan kallo.

Kure ya roƙi ɗan sandan da ke ƙofa har da durƙusawa.

"Oga, ko kai ka haifi golan ba ka shiga," in ji ɗan sandan.

"Ai ni na haife shi!"

"To, ka yi haƙuri."

Kure ya dinga zaga katanga yana neman kafar leƙe. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Can aka hura usur. Da yake filin fayau yake, sai ga wata murya ta tsallako katanga tana yi wa 'yan baya tsawa: "Ku fito! Riƙe shi, riƙe shi!"

Na buɗe baki zan ce mu nemi inuwa. Kure ya ɗaga mini hannu, hawaye na bin kumatunsa.

"Nababa, yi shiru," ya ce. "Ɗana ne ke magana."