Kaset Ɗaya a Shagon Rotimi

A shagon Rotimi mai gyaran talabijin a Gwallaga, wata dattijuwa tana tsaye, ta ƙi zama. Mayafinta ya koɗe, amma ta ja gira tsaf. Ta ƙanƙame tsohon kaset ɗin bidiyo a ƙirji. Ina zaton 'yar wasan kwaikwayo ce, zamanin da talabijin ɗaya ke tara unguwa guda.

"Mama, ya yi fumfuna," in ji Rotimi. "In na sa, zai iya tsinkewa."

"Shi kaɗai ya rage. Sa."

Injin ya haɗiye kaset ɗin, yana ƙara. Sai ga wata budurwa a allon tana dariya, da irin wannan girar. Duk mu da ke shagon muka zuba mata ido. Dattijuwar kuwa injin take kallo, yatsanta na kan maɓallin kashewa.