Fankar Arzika Mai Turare

A Kurgu aka haifi Arzika, a gidan masunta, amma tun yana ƙarami Allah ya haɗa shi gaba da ƙarnin kifi. Da ya yi wayo sai ya yar da komar kamun kifi ya kama tallar turare, har ya yi shekara talatin da rumfa a kasuwar Lolo. Ba ya buɗe wa kowa kwalba. Hannun rigarsa yake miƙawa a shinshina, duk wanda ya shinshina kuwa sai ya saya. Abin dariyar shi ne, da ya tashi aure sai zuciya ta kai shi ga Tasallah, wadda duk Bagudo babu mai bandar kifi kamarta.

Mutum ne mai son wanka da ruwan zafi ko da bazara. Da ya samu sarari ya rushe tsohon makewayi, ya gina banɗaki mai rufi da tayil. Nan tururi ya samu gidan zama. Madubi ya daina nuna kowa, silin ya yi baƙi, rigar da ya rataya ta fito da danshi.

Ma'azu mai gyaran wuta ya ba shi shawarar ƙaramar fanka mai zuƙe tururi. Arzika bai san ƙarami ba. Ya tsallaka Benin ya kinkimo wadda ake sa wa gidan burodi, ya ce shi zai ɗaura abarsa. Takardar da ke cikin kwalin da Faransanci take, ya ba Tasallah ta hura wuta.

"Alhaji, baya za ta ba ka, iska waje za shi," in ji Ma'azu.

"Kai Ma'azu! Ina ka taɓa ganin hwanka ta ba mai ita baya? Da kuɗɗina?"

Haka ya kafa ta a jikin bango tana fuskantarsa, ya haɗa da sola. A bayan wannan bangon kuwa murhun bandar Tasallah yake.

Ranar kasuwa ya yi wanka cikin hazo mai kauri fiye da na da, idanu na hawaye, yana yaba ƙarfin inji. Tasallah ta tare shi a zaure.

"Malam, da ka sake riga."

"Mi ta yi? Sabuwa ta."

Ya hau babur, kyanwowi biyu suka raka shi har bakin titi.

Mai saye ta farko Hajiya Safina ce, wadda ta zo daga Dole Kaina haɗa turaren lefen ɗanta, cinikin da ya yi wata yana jira. Ya miƙa hannun riga cikin isa. Ta shinshina, ta ja baya, ta sake shinshinawa.

"Alhaji, tarwaɗa ta ko ragon ruwa?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Arzika ya kai rigar hancinsa, ya ja numfashi har sau uku. Bai ji kifi ba, bai ji turare ba. Ya ɓalle murfin kwalbar da ta fi kowacce ƙarfi ya kafa hanci, shiru kamar ya shinshina ruwan randa. Hajiya ta wuce rumfar gaba, shi kuwa ba asarar cinikin ce ta tsorata shi ba.

Kafin azahar ya dawo gida, ya tsaya a kan Tasallah tana juya kifi.

"Hancina ya mutu."

"Na sani, Malam. Shekara shida ke nan, tun murad da kay yi bayan ambaliya."

"To turaren da nika haɗawa, mutane na yabo?"

"In ka tahi masallaci nika gyarawa. Naka haɗin, ko akuya aka shahwa ma sai ta yi ƙara."

Arzika ya zauna a kan turmi. Kunya ta kama shi, tausayin kansa ya kama shi, sai kuma wani sanyi da bai san sunansa ba. Can ya aika a kira Ma'azu ya juya fanka, ya ce kada ya kuskura ya yi magana. Ma'azu ya hau tsani, kafaɗunsa suna ta rawa don dariya.

Da kasuwa ta zagayo, Arzika ya ɗaure akwatin kwalabe, ya share bayan babur da gefen rawani, ya ƙi tayarwa.

"Jiran wa kakai, Malam?" in ji Tasallah.

"Mai rumfa. Ɗauko mayahinki."