Ƙwan Tarwaɗa a Tafin Hannun Tanko

Na daɗe ina ɗauka cewa abin da Allah Ya yawaita ba ya ƙarewa, kuma labarin tarwaɗa da kakata Iya take ba mu dabarar tsorata yara ce kawai.

Da damina take ba mu shi, a ƙauyenmu da ke bayan Gozaki, tana gasa mana masara a bakin murhu bayan magariba. Ni take fara tsokana. "Matso nan, maigida. Miji ba cefane, sai cin masara." Sannan ta gyara zama ta ce, "Wannan ba ƙage ba ne. A gidanmu aka yi shi, tun Turawa ba su zo ba."

A wancan zamani, in ji ta, idan ruwan farko ya sauka tafkin garin ya tumbatsa, tarwaɗa takan hauro cikin ciyawar gefe, inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ta zuba ƙwai. Sarkin ruwa yakan kafa sanda a bakin tafkin. Muddin sandar tana tsaye, ba mai taɓa kifi.

Wata shekara rumbuna suka ƙare tun kafin shuka. Kakan Iya, Tanko, ya cafke tarwaɗa ɗaya da hannu a cikin ciyawa, ya farke cikinta, ya tarar da ƙwai cunkus, ƙanana kamar gero. Ya ɗebo a tafin hannu ya kai wa sarkin ruwa.

"Baba, duba. Na uwa ɗaya ke nan. Wa zai iya ƙarar da wannan?"

Tsohon ya ce, "Kwaɗi suna da rabo a ciki, ƙwari suna da rabo, rana ma in ruwa ya janye. Da ƙyar biyu su girma. Ka bar uwar ta zuba."

Amma 'ya'yan Tanko sun kwana biyu ba tuwo, haka na maƙwabtansa. Aka tuge sandar, aka kwashi iyayen kifin da kwanduna, gari ya ƙoshi na mako guda. Da rani ya zo aka shiga tafkin kamun gayya, laka kawai aka yi ta lalube. Shekaru suka shuɗe kafin ambaliya ta dawo da kifi, aka sake kafa sandar. A nan Iya takan rage murya. "Har Tanko ya rasu, in aka sa miyar kifi a gabansa, tashi yake yi."

Na girma, na karanci aikin gona a jami'a. A can na koyi cewa ƙwan yana haɗuwa a hankali cikin uwar, ya nuna daidai da saukar ruwa, kuma mace ɗaya tana ɗauke da dubbai. Na kuma koyi cewa yawan nan fansa ce, domin mafi yawansu ba sa rayuwa. Duka biyun na sani.

Bayan rasuwar Iya, wata damina na je gida na tarar ana gardama. Samari suna son kamu a ruwan farko, lokacin da kifi yake tsada a Funtuwa, dattawa sun ƙi. Mai unguwa ya juyo gare ni. "Malam, kai ka yi karatun abin. In an kama yanzu, zai ƙare?"

Samarin suka zuba mini ido. Na ce uwa ɗaya tana zuba dubban ƙwai. Suka yi ta murna, ni kuwa na yi shiru a kan sauran maganar. Yau shekarata hamsin, har yanzu ban tantance ba ko yabonsu nake so, ko kunyar in maimaita zancen tsohuwa a gaban jama'a nake ji. Tanko yunwa ce ta sa shi. Ni a ƙoshe nake.

Ba a sake kafa sandar ba. Kifin da ake ci a ƙauyenmu yanzu, busasshe ake sayo shi daga kasuwar Kafur.