Wanzamin Gishiri Ya Miƙa Aska

Kafin malamai da ɗalibai su iso, shi ya riga ya buɗe ɗakin gwaji, ya wanke hannu ya tsane sarai, ya sa safar roba da ƙyallen rufe baki. Sannan ya fito da askarsa da 'yar guduma. Saboda askar nan ɗalibai suka laƙaba masa Wanzami, alhali bai taɓa aske kan kowa ba. Gishiri yake tsagawa.

Wani dunƙule ne garau kamar gilashi, da ake tsagawa don a sami sabuwar fuska mai santsi. A sa ta cikin tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki kaf, a sanyaya, a saki ɗan gas kaɗan. Ƙwayoyinsa, waɗanda ido ba ya gani, sai su kwanta a kan gishirin sahu-sahu. A haska su da fitila mai ƙarfi, a ga wadda za ta rabe biyu da wadda za ta kama maƙwabciyarta. In fuskar ta yi gargada, ko tururin baki ya taɓa ta, aikin duka ya tashi a banza. Shi ya sa in yana tsaga, ko Farfesa ne ya gaishe shi, sai dai ya jira amsa.

Shekara da shekaru ana karɓar digiri da tafi, ana ɗaukar hoto, shi yana can yana wasa aska. Bana hannunsa ya fara rawa. Bai ɓoye ba, da ƙafarsa ya je ya gaya wa Farfesa lokacin hutu ya yi.

To, akwai wata ɗaliba, Maman 'Yan Biyu, wadda laimar damina ta lalata mata gwaji har sau ba adadi. Dunƙule ɗaya ya rage mata, ga fitilar ta aro ce, masu ita sun ce a mayar. In wannan ya ɓaci, karatunta ya tsaya.

"Baba, kai za ka tsaga min," in ji ta.

Ya ɗaga hannun ya nuna mata. "Da wannan? Ko shayi na ɗauka, rabinsa rigata ke sha."

"Ni kuwa in na buga, gari za mu kwashe."

"Sai ki kai gida, miyarku ta ƙaru. Zauna, 'yata."

Ya sauko da kwalaben da yake tara gutsattsarin gishirin da wasu za su zubar, ya zube su gabanta. Mai sharar ɗakin, wadda ta ga abin da idonta, ta ce kwanakin nan ba a jin komai sai faɗansa. "Ba ƙusa kike bugawa ba! Sassauta kafaɗa. Ɗauke numfashi, ke ba zuga-zugi ba ce!" Ta farfasa, ta yi kuka, ta share ido ta sake. Bai lallashe ta ba, bai kuma tashi daga gefenta ba.

Ranar da aka fito da dunƙulen ƙarshe, ita ta riƙe askar. Ya sunkuya ya duba, ya tura hannunta da ɗan yatsa kaɗan zuwa dama, ya ja baya ya naɗe hannuwansa. Ƙas! Gishiri ya rabe, fuska kamar madubi. Aka rufe tukunya, aka saki gas, aka kunna fitila. Layin sakamakon da ta daɗe tana nema ya miƙe a allon kwamfuta, ɗakin ya kaure da ihu.

"Wanzami, ashe ka yi magajiya," in ji Farfesa.

"Ai ta fi ni. Ni sai da na ɓata kusan buhu kafin in iya."

Wanzami, kai ne gwanin da ya san iyakar hannunsa, bai yi wasa da makomar 'yar mutane don a ce har yanzu yana iyawa ba. Kai ne ka zazzage abin da ka sani kaf, ba ka rage na ɓoyo ba. Mun gode, Wanzami. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka a kan zuriyarka.

Ku kuma masu sana'ar da ke juya baya in za ku yi aikin gwaninta don kada na ƙasa ya gani, ku dubi tafin hannunku da kyau. Yau a tsaye yake. Ku kira wani ya zauna kusa da ku tun bai fara rawa ba.