Mai Ƙwanƙwasa Faranti

Tun ɗazu matar ke tsaye a shagon tangaran, mai shago ya cika fam. Doguwa ce, tabarau a goshi, farar laka maƙale a farcenta. Tana ɗaga faranti, ta ƙwanƙwasa, ta kasa kunne, ta ajiye. Masu saye suna ta ficewa.

"Baiwar Allah, saye ko gwaji?"

"Akwai wata laka mai ƙwayoyi kamar bututu, ido ba ya ganinsu. In an cuɗa ta, tangaran yakan ƙara ƙwari. Ƙwarin nake gwadawa."

Mai shago ya ce a ransa, wataƙila ma'aikaciyar ɗakin bincike ce. Allah sarki kofunan gidanta!

Sai ta durƙusa gaban kwandon sharar da ke cike da fasassun faranti. "Fasassun nan nake so, in duba cikinsu."

"Kwashe, Hajiya, har kwandon!"