Haruffa Masu Takalmi

A shekarun da shagunan kwamfuta suka fara tsirowa a Zuru, ni ce mai buga rubutu a wani ɗan shago kusa da tasha. Aikin bai wuce takardun makaranta da katin biki ba. Amma idan babu kwastoma kuma akwai wuta, sai in zauna ina ta sauya wa kalma ɗaya kamanni, kamar mai gwada atamfa a kasuwa.

A nan na ci karo da wani salon haruffa da ya tafi da hankalina. Kowane harafi yana da gefe ɗaya mai kauri kamar taɓarya, ɗaya gefen kuma siriri kamar gashi, sannan ga ɗan takalmi a ƙarshen kowace ƙafa. Idan ka ƙanƙantar da su ba su da wani armashi. Amma ka buɗa su su cika takarda, sai ka ji kamar ka miƙe ka gaishe su. Ni dai na kamu da sonsu, har kunya nake ji idan Oga, mai shagon, ya leƙo ya same ni ina murmushi ni kaɗai.

Sai ga Mama da aiki. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma za su tafi babban taro a Sakaba ranar Asabar. A taron bara matan cocin garin Manga sun zo da tuta mai rubutu, matan cocinmu kuwa hannu rabbana. Abin ya tsaya wa Mama a rai shekara guda. Ta riga ta shelanta wa kowa cewa bana 'yarta mai kwamfuta za ta yi musu tutar da ba a taɓa gani ba.

Na ce ta bar min komai. Na buga ZUMUNTAR MATA da haruffana, kowane harafi a takardarsa. Yadda ake yi a lokacin, sai a ɗora takardar a kan baƙar ledar hoton ƙashi ta asibiti, a yanke siffar da reza, a shimfiɗa a kan yadi, a dangwala fenti da soso. Leda kuwa ba matsala ba ce, don unguwarmu ta tsofaffin sojoji ce, babu gidan da ba shi da hoton ƙashi a ƙarƙashin katifa. Da hoton gwiwar Baba na yanke Z.

Gefe mai kauri ya yanku lafiya lau. Siraran layukan ne suka ƙi. Inda reza ta bi, fenti ba ya ratsawa, in na faɗaɗa kuma sai kyan ya gudu. Ranar Juma'a da hantsi na ɗaga leda ta ƙarshe, muka tsaya muna kallon farin yadi a tsakar gida. N ta zama sanda ɗaya a karkace. A ta tsaya da ƙafa ɗaya. Duka rubutun ya koma kamar shingen da awaki suka ture.

Dariya ta kama ni, irin wadda ba ta jin magana. Mama ba ta yi dariya ba.

"Ke, mi ne ne wanga?"

"Mama, wallahi a takarda sun fi haka kyau."

"Takarda za mu ɗaga a Sakaba?"

Na ɗauko takardun na nuna mata inda kowane siririn layi ya kamata ya bi. Ta ƙura ido, ta bi layin da farce, ta yi tsaki.

"To ai wanga zare ne. Tashi ki kira min mata."

Kafin rana ta take, tsakar gidanmu ta cika da mata da allurai da baƙin zare. Na bi yadin da fensir ina zana layukan, su kuma suka kewaye shi, kowace ta kama harafinta. Waƙa ta tashi, rabi da Hausa rabi da yarenmu na C'lela. Ni kuwa sai zagaye nake ina ba da umarni kamar kofur.

"Inna, takalmin nan ya yi tsawo!"

"Ke tafi can, ke kika haife shi?"

Wata tsohuwa ta ɗinke tutar da zaninta ba ta sani ba, sai da ta miƙe ta taso da rabin ZUMUNTAR a gwiwa. Muka zube ƙasa, har Mama sai da ta share hawaye. Da aka ɗaga yadin da yamma, na ga haruffana tsaye cur da takalmansu, zaren ma ya fi na kwamfutar laushi. Na yi tsalle na rungume wadda ke kusa da ni, allura ta soke ni, ban ko ji ba.

Ranar Asabar na bi su Sakaba, don ba zan iya zama ba. Muna sauka daga mota aka warware tutar, matan Manga suka matso suna shafawa, suna tambayar a wane gari aka buga ta. Na gyara tsayuwa, ina jira Mama ta nuna ni. Ko kallona ba ta yi ba. Ta dafa R ɗin da ta ɗinka wa ƙugu da takalmi.

"Ni ban taɓa shiga aji ba," in ji ta. "Amma wanga, ni na rubuta shi."